BABI NA HUƊU: TARKEN SABABBIN KAYAN AIKIN LABURARE TA FUSKAR BUƘATUN MAI KARATUN HAUSA A LAJAWA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sababbin kayan aikin da fasahar zamani ta kawo wa ɗakunan karatu na makarantu, tare da nuna yadda kowannensu yake aiki. A wannan babi kuwa za a ɗora waɗannan kaya ne a kan ma'auni, don a ga abin da za su iya yi wa ma'aikacin laburare na makarantar karkara da kuma abin da ba za su iya yi masa ba.

An ɗauki garin Lajawa a matsayin madubin dubawa. Lajawa ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano, kuma Hausa ita ce harshen gida da na kasuwa da na masallaci a wannan yanki. A garin Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha wadda aka buɗe a shekarar 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a shekarar 2022. Har wa yau, tun daga shekarar 2015 duk ɗalibin da yake son shiga jami'a ta hanyar jarrabawar JAMB a kan kwamfuta yake rubuta ta. Ke nan, maganar ko ɗalibin Lajawa yana buƙatar sanin kwamfuta ta riga ta wuce. Abin da ya rage shi ne a duba irin sanin da ya kamata mai kula da ɗakin karatunsa ya samu.

Hujjar da wannan babi yake son kafawa ita ce, galibin waɗannan kaya an ƙera su ne ba tare da la'akari da harshen Hausa ba, don haka horon da ya tsaya ga koya wa ma'aikaci danna maɓallai kawai bai wadatar ba. Wajibi ne ya koyi yadda zai lanƙwasa kayan su dace da littafin Hausa da mai karanta shi.

4.1 Ma'aunin Tarke

An yi amfani da tambayoyi uku wajen auna kowane kayan aiki. Ta farko, shin ɗalibi zai iya gano littafin Hausa da yake nema ta hanyarsa? Ta biyu, shin zai ci gaba da aiki ranar da babu wutar lantarki ko babu data? Ta uku, shin ma'aikaci yana da ikon gyara shi da ƙara masa abin da ya rasa, ko kuwa sai dai ya karɓi abin da aka ba shi? An fi ba tambaya ta farko muhimmanci, domin ita ce asalin aikin laburare, wato haɗa mai karatu da littafinsa.

4.2 Manhajar Katalogi

Katalogi shi ne jerin sunayen littattafan da suke cikin laburare, wanda yake nuna marubuci da sunan littafi da wurin da yake a kan kanta. A da a kan ƙananan katuna ake rubuta shi a jera cikin akwati, yanzu kuwa manhaja ce take riƙe shi. Daga cikin manhajojin da suka yi fice akwai Koha, wadda aka ƙirƙira a ƙasar New Zealand a shekarar 1999, aka fara aiki da ita a farkon shekarar 2000. Koha tana da abin yabo. Kyauta ce, ba a biyan kuɗin lasisi, kuma an bar ƙofa a buɗe ga duk mai son gyara ta. Ana iya sa ta a kan kwamfuta ɗaya ta yi aiki ba tare da intanet ba. Saboda haka ta ci ma'auni na uku, ta kuma ci rabin na biyu. Matsalarta tana ga ma'auni na farko, kuma ta kasu gida huɗu kamar haka:

4.2.1 Haruffa Masu Ƙugiya

Tun cikin shekarun 1930 aka shigar da haruffan ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko na Hausa, a zamanin da Dokta R. M. East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya. Waɗannan haruffa ba ado ba ne, ma'ana suke bambantawa. Ƙafa daban take da kafa, ƙasa daban take da kasa, haka nan ƙarya da karya.

A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, waɗannan haruffa suna da gurbi, don haka Koha tana iya karɓarsu ta kuma nuna su. Sai dai akwai wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba. Harafin é na Faransanci ana ɗaukarsa e ce da aka ɗora wa alama, don haka injin bincike yana iya sauke alamar ya haɗa é da e wuri ɗaya. Harafin ƙ kuwa harafi ne mai zaman kansa, ba k ba ce da aka ɗora wa wani abu. Idan ba a saita injin da gangan ba, ba zai san akwai dangantaka tsakanin ƙ da k ba.

Sakamakon haka a fili yake. Alal misali, ma'aikaci mai kiyaye ƙa'idar rubutu ya shigar da littafin Ganɗoki na Bello Kagara da ɗ, ko Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da ƙ guda biyu. Ɗalibi ya zo, ya rubuta Gandoki da d saboda ita ya gani a kan maɓallan kwamfuta. Manhaja za ta iya ce masa babu, alhali littafin yana kan kanta, taku biyar daga inda yake tsaye. Idan kuma ma'aikaci ya ga haka ya yanke shawarar watsar da ƙugiya baki ɗaya, to laburaren makaranta ya zama shi ne yake koya wa yara karya ƙa'idar da malamin Hausa yake koyarwa a aji. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Maganin wannan ba mai wuya ba ne ga wanda aka nuna wa. A tsarin MARC da Koha take bi, gurbi mai lamba 245 na ainihin sunan littafi ne, gurbi mai lamba 246 kuwa na wasu sigogin sunan ne. Sai a rubuta sunan da ƙugiyarsa a na farko, a sake rubuta shi babu ƙugiya a na biyu. Ta haka duk hanyar da ɗalibi ya bi zai iso. Bugu da ƙari, akwai tsarin maɓallan Hausa a cikin Windows, kunna shi kawai ake yi. Abin takaici shi ne littafin jagorar manhaja da aka rubuta a ƙasashen waje ba shi da dalilin ambaton ɗaya daga cikin waɗannan, domin masu shi ba su da wannan matsala.

4.2.2 Sunayen Marubuta

Ƙa'idojin katalogi na Turai an gina su ne a kan sunan iyali, wato a ɗauki kalmar ƙarshe ta sunan mutum a sa ta a gaba. Bahaushe kuwa ba shi da sunan iyali irin wannan a al'adance. Abin da yake biyo bayan sunan yanka yana iya zama sunan uba, ko na gari, ko na unguwa, ko laƙabi, ko sarauta.

A sunan Aƙilu Aliyu, kalma ta biyu sunan uba ce. A sunan Mu'azu Haɗeja, sunan gari ce. A sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, kalmomi biyu na ƙarshe sunan gari ɗaya ne, amma a katalogin ƙasashen waje akan ga an raba su, an sa Balewa a gaba, an bar Tafawa a baya kamar wani suna ne na tsakiya. Idan aka bi wannan hanya ido rufe, Ado Ahmad Gidan Dabino zai koma ƙarƙashin Dabino, wurin da babu ɗalibin da zai neme shi. Har ila yau akwai matsalar alhamza a sunaye irin su Mu'azu da Sa'adu, domin alamar da ake rubuta ta da ita tana da siga fiye da ɗaya a kwamfuta, kuma manhaja tana iya ɗaukar kowace siga a matsayin wani abu daban.

A nan ma Koha ta tanadi mafita, wato rumbun tabbatattun sunaye, inda ake zaɓar siga ɗaya ta sunan marubuci a ɗaura sauran sigogin a jikinta. To amma manhaja ba za ta iya zaɓar sigar da kanta ba. Wanda ya san cewa Gidan Dabino wuri ne shi kaɗai zai iya. Wannan ilimi ba na kwamfuta ba ne, ilimin harshe da al'ada ne, kuma malamin Hausa na makaranta ya fi injiniya riƙe da shi.

4.2.3 Rabon Littattafai Bisa Tsarin Dewey

Makarantu da yawa suna bin tsarin da Melvil Dewey ya fitar a Amurka a shekarar 1876, wanda ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999. Tsarin yana ɗauke da ra'ayin zamaninsa da ƙasarsa. A ɓangaren addini, lambobi daga 220 zuwa 280 da 'yan kai na Baibul da Kiristanci ne, Musulunci kuwa lamba ɗaya ya samu, wato 297. A ɓangaren adabi, Ingilishi yana da goma cur daga 820, Hausa kuwa an cusa ta a 893.72, harshenta kuma a 493.72.

A laburaren makarantar Lajawa, inda ake sa ran littattafan Musulunci da na Hausa su ɗauki kaso mai tsoka, wannan tsari yana nufin lambobi biyu ko uku za su cika maƙil, yayin da wasu gomomi za su zauna fayau. Don a bambance tafsiri da hadisi da tarihin Annabi, dole a yi ta jan lambobi bayan ɗigo, har su yi tsawon da ba za su zauna a ƙashin bayan ƙaramin littafi ba. Sa'annan tsarin yana kai tatsuniya gidan 398, can nesa da sauran adabi, alhali a nazarin Hausa adabin baka da rubutaccen adabi tare ake karanta su.

Ba a cewa a yar da Dewey, domin ɗalibin da ya saba da tsarin lambobi tun a sakandare ba zai ruɗe ba idan ya shiga babban laburare irin na Murtala Muhammad da ke Kano. Abin da ake cewa shi ne a koya wa ma'aikaci cewa yana da 'yancin keɓe kanta ta musamman ga littattafan Hausa, ya sa musu alamar wuri a manhaja, ya kuma rubuta kalmomin jigo da Hausa, irin su waƙa, wasan kwaikwayo, ƙagaggen labari da karin magana.

4.2.4 Littattafan da Ba Su da Lamba

Babban abin da ake tallata manhajar katalogi da shi shi ne sauƙin kwafo bayani. Ma'aikaci zai rubuta lambar ISBN ta littafi, manhaja ta jawo cikakken bayaninsa daga wani babban laburare na waje. Wannan gaskiya ne ga littafin da babban kamfani ya buga. Amma littattafan adabin kasuwar Kano da suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, marubutansu ne suka buga yawancinsu da kansu, da dama babu ISBN, wasu ma babu shekarar bugu. Haka abin yake ga ƙananan littattafan ajami da na Larabci da ake sayarwa a kasuwar Kurmi, waɗanda kuma rubutunsu daga dama yake farawa.

Ke nan, sauƙin da aka yi alkawari yana kan littafin Ingilishi ne, wahala kuma tana kan na Hausa. Ma'aikacin da aka koya wa kwafo bayani kawai, ba a koya masa rubuta shi daga tushe ba, zai shigar da na Ingilishi cikin mako guda ya tura na Hausa cikin kwali. Littafin da ba ya cikin katalogi kuwa, a idon ɗalibi, babu shi.

4.3 Kayan Karatu na Intanet

Ɓangare na biyu na kayan da ake koya wa ma'aikata shi ne shafukan da suke samar da abin karantawa. Za a taƙaita a kan guda biyar.

Wikipedia tana da sashen Hausa wanda masu sa kai suke rubutawa. Ta ci ma'auni na uku sarai, domin kowa yana iya gyarawa. Rauninta shi ne maƙalu da yawa fassara ce daga Ingilishi, wasu kuma ba a tace Hausarsu ba. Amfaninta mafi girma ga makaranta shi ne a mai da ɗalibai marubuta, su tattara bayani mai madogara a kan garinsu da sana'o'insa da kasuwar shanu ta Wudil, ma'aikaci ya duba musu. Manhajar Kiwix, wadda ta fito a shekarar 2007, tana ba da damar sauke Wikipedia a ajiye a kwamfuta a karanta babu intanet. Ta fuskar ma'auni na biyu babu kamarta.

African Storybook, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a shekarar 2014, yana da labarun yara masu hotuna cikin harsunan Afirka, har da Hausa, kuma an yarda a sauke a buga a fassara. Ya dace da firamare. Ɗan sakandare ba zai sami abin da ya kai girmansa ba, kuma yanayin wasu labarun ba na ƙasar Hausa ba ne.

Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a shekarar 2022, yana da darussa bisa manhajar karatun ƙasa, wasu da Hausa. Ya taso ne bayan darasin da aka koya daga rufe makarantu a shekarar 2020 saboda annobar korona. Kayan aji ne mai amfani, sai dai ma'aikaci ba shi da hannu a abin da yake ciki.

Google Translate ya karɓi Hausa a ƙarshen shekarar 2013. Yana taimakawa wajen fahimtar gundarin zance, amma rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kalmar kuka tana iya zama itace ko zubar da hawaye, gari yana iya zama na mutane ko na tuwo, wuya kuma na jiki ko na wahala. Mai jin harshen ne yake rarrabewa.

Daga ƙarshe akwai manhajojin hira irin su ChatGPT, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2022. Haɗarinsu ga laburare shi ne suna iya ƙago sunan littafi ko na marubucin da babu shi, su faɗe shi da cikakken tabbaci. A fagen da bayanansa suka yi ƙaranci a intanet, kamar adabin Hausa, haɗarin ya fi yawa. Wannan ya ƙara wa katalogi sahihi daraja ne, bai rage masa ba.

4.4 Horon Ma'aikaci

Tun a shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta lissafa laburare cikin muhimman hidimomin ilimi, ta kuma ambaci horar da ma'aikatansa. A shekarar ne kuma aka kafa ƙungiyar laburaren makarantu ta Nijeriya a Ibadan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyar da aikin laburare tun 1968. Duk da haka, a makarantun karkara sau da yawa wani malami ne ake ɗora wa ɗakin karatu a kan darussansa na aji, ba wanda ya karanci aikin ba. Irin wannan malami shi ne ake turawa bita.

Bisa ga abin da aka gani a 4.2 da 4.3, ana iya fitar da kurakurai uku da tsarin bita yake iya faɗawa ciki. Na farko shi ne fifita na'ura a kan aiki, wato a koyar da buɗe shafuka da yawa a kwana biyu, ba a koyar da rubuta bayanin littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda bai iya katalogi a kan kati ba, kwamfuta ba za ta iya masa ba. Na biyu shi ne yin gwaji da littattafan Ingilishi kaɗai, inda komai yake tafiya sumul, sai mahalarci ya koma gida ya ci karo da Ganɗoki. Na uku shi ne mantawa da yanayin wurin aiki. Ɗakin bita a birni yana da wuta da fanka da intanet. Ɗakin karatun karkara kuwa yana fama da ƙurar hunturu da zafin bazara da gara. Don haka sanin kula da batir da faifan sola, da ajiye kwafin katalogi a wuri na biyu, da buga shi a takarda, duk ɓangare ne na aikin.

Akwai kuma batun wayar hannu. Tun zuwan wayar salula Nijeriya a shekarar 2001 ta bazu har ƙauyuka, kuma a yau ƙagaggun labaran Hausa masu yawa ta WhatsApp da makamantansa suke yawo. Ma'aikacin da bai san wannan duniya ba bai san abin da ɗalibansa suke karantawa ba. Sai dai kuma ya kamata ya san cewa ɗaukar hoton littafin mutum a raba shi kyauta ba da izininsa ba tauye haƙƙin marubuci ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta hana.

Abin da ya fi dacewa shi ne horo a wurin aiki, da littattafan da suke kan kantar makarantar, a haɗa ma'aikacin laburare da malamin Hausa da malamin Larabci, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kusancin Lajawa da Wudil dama ce ta neman taimakon masana kwamfuta wajen saita injin bincike, aikin da sau ɗaya ake yinsa. Ma'aunin nasarar horon kuma ba takardar shaida ba ce. A miƙa wa ɗalibin aji ɗaya sunan littafin Hausa, a ga ko zai gano shi da kansa.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an auna manhajar katalogi da wasu kayan karatu na intanet bisa tambayoyi uku. An ga cewa Koha da Kiwix da Wikipedia suna ba ma'aikaci damar gyara ko aiki babu intanet, amma babu ɗaya daga cikin kayan da ya zo a shirye don littafin Hausa. An nuna yadda haruffa masu ƙugiya da tsarin sunayen Hausawa da rabon Dewey da rashin lambar ISBN suke iya ɓoye littafi alhali yana nan, an kuma nuna cewa kowace matsala tana da magani a hannun ma'aikacin da ya san harshensa ya kuma san aikinsa. Idan aka bar wannan giɓi, ɗalibin Lajawa zai tashi da zaton cewa ilimi da Ingilishi kaɗai ake samunsa, domin shi kaɗai kwamfuta take nuna masa. A babi na gaba za a kawo taƙaitawa da shawarwari.